Fili Ɗan Kaɗan a Bayan Babur

Ranar da na kai wa Alhaji Mansur kuɗin ƙarshe,
ya miƙo takardu, ya ce, "Je ka, ya zama naka,"
na fito bakin titi na tsaya ina kallonsa.
Shekara biyu da wata huɗu ina kai balas,
amma da za a jera shi cikin 'yan uwansa a Bata,
wallahi sai na duba lamba kafin in gane shi.

Ruwan ɗorawar nan ba nawa ba ne, na hukuma ne.
Lambar gefe ma haka.
Abin da aka bar mini shi ne ciki,
da ɗan fili a baya, bai fi faifai biyu ba.

Da kujera na fara.
A Ƙofar Ruwa Iliyasu ya baje mini ledoji kala-kala,
na zaɓi fara sol, don na gan ta a motar wani.
Barira ta leƙa ta ce, "Asibiti ka buɗe?"
Kwana uku tsakani, wata ta shiga da galan ɗin manja.
Na koma wurin Iliyasu ina sosa ƙeya,
ya ɗinka mini ruwan ƙasa, bai ce uffan ba,
dariyar dai ta maƙale masa a gemu.

Sai fitilu, ja da kore da shuɗi,
masu ƙyaftawa kamar idon marar gaskiya.
Daren farko na ɗauki wata tsohuwa daga Mandawari,
ba mu kai Gwale ba ta dafa kafaɗata:
"Yaro, kashe wannan abin, jiri nake ji."
Na tsinke wayar da haƙori.
Guda ɗaya na bari, fara,
ta neman canji in ya faɗi ƙasa.

Rufin sama kuwa
atamfar Inna ce, mai zanen ganyen kuka,
wadda ta fi so ta ɗaura ranar Juma'a.
Tun da ta rasu tana ƙasan akwati.
Yanzu duk wanda ya ɗaga kai a cunkoso
ita yake gani, bai sani ba.

Rubutun baya ne ya hana ni barci.
Tasi'u mai zane ya ce kowane harafi da kuɗinsa.
Na kawo karin magana, ya ƙirga, na haɗiye yawu.
Na kawo habaici, don akwai wanda nake nufi,
ya ce, "Shi zai karanta sau ɗaya,
kai za ka ja shi kullum."
Na ce to a sa sunana.
Ya ce, "Masu sunanka nawa ne a Kano?"

Muna cikin haka, gwangwani a buɗe, buroshi a hannu,
Rumasa'u, mai shekara huɗu, da ta biyo ni don alewa,
ta tsoma hannu cikin shuɗin fenti
ta dafa bayan babur don ta miƙe.
Yatsu biyar, ɗaya ya ɗan goge,
sun karkace wajen hagu.

Tasi'u ya jawo tsumma da kananzir.
Na riƙe hannunsa.
Ya dube ni, ya dubi wurin, ya mayar da murfi,
ya ce wannan ba aikinsa ba ne, ba zai karɓi ko sisi ba.

Jiya da la'asar, a Ƙofar Nasarawa,
mun cushe, ƙaho na tashi, hayaƙi na shiga ido,
ruwan ɗorawa gaba, ruwan ɗorawa baya,
Barira na tsallaka titi da yarinyar a kafaɗa,
ba su san ina nan ba.
Sai na ji wata 'yar murya ta keto hayaniya:
"Umma, ga na Baba can! Ga hannuna!"

Fasinja ya ce, "Malam, an saki hanya fa."
Na ce, "Na gani."
Ban gani ba.