Nauyin Takobi

Wata bakwai ina gina duniya a ɗakin haya a Rikkos,
kwamfuta na zafi kamar kaskon masa.
Na ƙera kogo, na ƙera dodanni masu ƙaho,
na ƙera jarumi, na sa masa sulke,
na ce sunansa Garnaƙaƙi, na miƙa masa takobi.

Dachung ya zo gwadawa, sanyi na cin hancinsa.
Ya danna, dodo ya faɗi.
Ya danna, ya danna, wani ya bi shi.
Ya yi hamma har na hango hakoran ciki:
"Wannan ba faɗa ba ne, daka ne,
ko kakata da taɓarya sai ta cinye shi."

Na ƙara wa dodo rai, dakan ya ƙara tsawo.
Na sa wuta a kaifin takobi, na sa walƙiya da tsawa,
kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ran Lahadi na je sayen nama wurin Bahago,
tsohon ɗan dambe, yanzu sai fawa,
sawun zare har yau yana wuyan hannunsa.
Na nuna masa a waya, ya kalla shiru,
ya goge hannu a riga:
"Yaron nan naka ba ya gajiya?
Ba ya jin tsoro?
To ai ba mutum ba ne, fanka ce.
Ungo."
Ya miƙo mini gatarin sarar ƙashi.

Na ɗaga, nauyi ya ja ni baya,
na sara, nauyi ya ja ni gaba,
ƙashi na nan, ni ne na kusa kifewa.
"Ka ji? Kafin sara akwai ɗagawa,
bayan sara akwai dawowa,
a tsakanin nan ake yin kisa.
Mai kai naushi ya buɗe ƙofar gidansa,
in bai samu ba, dole ya biya.
Faɗa a ƙafa yake, hannu ɗan aike ne.
Ka nuna masa dama, ya sayi ƙaryar,
hagu ta je karɓar kuɗi."

Na manta naman a kan tebur.

Dare goma sha biyu, janareta na tari,
na koya wa Garnaƙaƙi haki.
Sara uku, numfashi ya ƙare, gwiwa ta yi sanyi.
Na sa garkuwa ta riƙa tsagewa,
mashi ya mallaki nesa, wuƙa ta mallaki ƙirji,
laka ta riƙe ƙafa a bakin kogi.
Na ba dodo wayo kaɗan:
maimaita masa sara ɗaya sau uku,
a na huɗu ya cafke hannunka.
Na buɗe taga, rabin ƙiftawar ido,
wanda ya tare a cikinta, filin nasa ne.

Dachung ya dawo da raini a baki.
Dodon farko, mai gadin gada,
ya kwantar da shi sau goma sha ɗaya.
Ya zage ni da Hausa, ya ƙara da Berom,
shayinsa ya huce, bai ko kalle shi ba.
A na sha biyu na ga abin da nake nema:
babban yatsansa tsaye a sama,
bai danna ba.
Yana jira.
Dodo ya ɗaga, ya ja taki ɗaya baya,
gatari ya ci ƙasa,
sannan.

Na koma wa Bahago da wayar.
Ya kalla, ya sake kallo, ya taɓe baki:
"Ya fara zama mutum.
Amma ƙafar hagun nan, har yanzu bacci take."
Ya auna mini rabin kilo,
ya jefa ƙashi ɗaya gyara.