Kati Biyu

Wata uku ina shan jiƙon Ɗan Ige,
jarka bayan jarka, ɗaci har ƙoƙon kai,
fitsari bai fasa yi min barkono ba.
Ran Talata na gama lodin albasa a Kara,
na ce wa yaran mota zan je gaisuwa Mabera,
na tare kabu-kabu: "Asibitin Ƙwararru."

Rana ta take, inuwar dogon yaro ma huci take.
Benci ɗaya, mutum tara, kowa na kallon takalminsa.
Can ƙarshe sai ga Haliru tela,
wanda ya ɗinka min rigar Sallah.
Ya ce zazzaɓi. Na ce ni ma.
Ƙarya biyu suka zauna kafaɗa da kafaɗa.

Sista Inno ba ta ɗaga murya ba.
"Tun yaushe? A hanya fa?"
Ni da nake ja-in-ja da dillalan Ikko ban taɓa in'ina ba,
sai ga harshe ya yi nauyin buhu.
Ta ce, "Ba alƙali nike ba, Malam Modi.
Miƙo hannu."

Allurar ba ta kai ƙayar aduwa ba.
Jinina ya shiga 'yar kwalba,
ya tafi ya faɗi abin da na ƙi faɗi.

Minti arba'in. Na ƙirga juyin fanka,
na ƙirga masaukai: Yawuri, Kwantagora, Mokwa,
da wani ɗaki mai shuɗin labule
inda ban tambayi sunan kowa ba.

"Babbar ba ta kama ka ba," in ji ta.
"Ciwon sanyi ne. Allura, ƙwayoyi, kwana bakwai.
Bayan wata uku ka dawo mu sake dubawa."
Har na miƙe ina hamdala,
sai ta ɗora wani kati a kan nawa.
"Na mai ɗakinka. In ba ku sha tare ba,
ɗiban ruwa ne da kwando."

Na san albasa.
Ba ta ruɓewa ita kaɗai a buhu.

Ga ni a zaure, ana kiran magariba.
Luba na daka, tana yi wa auta faɗa.
Kati biyu a aljihu sun jiƙe da gumi.
Ashe allurar ɗazu wasa ce.

Na gyara murya.
Na yi sallama.