Sahu na Uku

Mu goma sha biyu ne daga Kakuri,
ni ce ta ƙarshe a sahu na uku,
inda idon alƙali bai cika kaiwa ba.
Da rana ina auna wake a kasuwa,
da yamma in ɗaura cakansami, in nemi rawa.

Wata huɗu muka yi a bayan tsohuwar masaƙa,
wadda ciyawa ta cinye wa ƙofa.
Baba Dogara na zaune kan bulo.
Shekara ashirin ya yi a gaban injin saƙa,
ya ce zare ɗaya in ya tsinke
tun kafin a gani kunne ke sani.
Ba ya kallonmu, idonsa a rufe,
sai ka ji, "Kyauta, hagunki ta makara."
In na lissafa a raina, ta makara.

Na yi kuka sau biyu. Na yi yaji sau ɗaya,
kwana uku, Laraba ta biyo ni har gida
da dafaffiyar masara da baƙar magana.

Ranar gasa muka haye gada a tsaye cikin bas,
kogi ya cika, ja wur da ruwan Agusta.
Rigunan da Asabe ta ɗinka da ragowar atamfa
shuɗinsu bai zo ɗaya ba,
muka ce daga nesa ba mai ganewa.

'Yan Kagoro sun shigo da ƙaho,
ƙasa ta amsa har cikin haƙorana.
'Yan Zariya kuwa, kai!
Wani yaro ya tashi sama kamar an jefa shi,
ya sauko kan kiɗa daidai.
Na duba tafin hannuna, gumi.
Na ce, Kyauta, me ya raba ki da mudu?

Aka kira lamba bakwai.
Tanko ya taɓa ganga, Bitrus ya ɗaga sarewa,
muka shiga da dama, muka ja da baya,
juyi na ɗaya, na biyu, na uku,
ana huɗu aka ɗauke wuta.

Fili ya yi "Aaa!"
Wani ya yi dariya, wani ya kira mai janareto.
Hannun Tanko bai ji labari ba.
Mu da muka saba rawa bayan magariba
a inda ko kwan fitila babu,
duhu ɗan unguwarmu ne.
Na ji numfashin Laraba a damana,
na ji diddigen Jatau a gabana,
caka, caka, cas,
ƙafa ashirin da huɗu, ƙara ɗaya.
Babu sahun gaba a duhu, babu na baya.
Alƙalai suka ajiye biro, suka miƙa kunne,
yau kowa ya koma Baba Dogara.

Da fitilun waya suka fara tashi
ɗaya, goma, ɗari,
mun riga mun kai juyi na tara,
ƙafata ta hagu tana sauka
inda ya kamata, lokacin da ya kamata,
ban ma roƙe ta ba.

Na biyu muka zo. Kagoro ta ɗauki kofi,
kuma ta cancanta, ban da ja.
Abin da ke cikin ambulan
ya biya bas, ya sayi fatar ganga,
saura muka ci tsire a bakin titi.

Tsohon bai yabe mu ba, ba halinsa ba ne.
Ya dai tsaya yana sakace,
ya ce, "Na ƙirga, ban samu sha biyu ba.
Mutum ɗaya na ji, mai nauyi."

Yau Litinin. Diddigena a kumbure.
Wata mata na cewa in cika mata mudu,
ina cikawa, wake na zuba a roba,
caka, caka,
a ƙarƙashin tebur hagu tana amsawa.