Kunnen Ɗakin Sikanin

Anti Barikisu ta ce kunne ne, ba ƙarfe ba.
Ranar da na kama aiki a Aboabo
ta ɗora min shi a tafin hannu,
ta ce, "Riƙe shi kamar ƙwan aro.
Ba gani yake yi ba, saurare yake,
kuma kunnen da ya sha ƙasa
ba ya ƙara faɗin gaskiya."

Na koyi goge man tun bai bushe ba,
da ƙyalle mai laushi, ba a dirzawa.
Na san iyakar da ruwan magani yake tsayawa a wuyansa,
da mintunan da ake ƙirgawa, ko da layi ya kai titi.
Wanda zai shiga jiki, sai da sabuwar rigar roba,
a tuɓe masa, a sake yi masa wanka.
Waya ba igiyar guga ba ce,
kada tayar keke ta hau ta.

Sai wata Laraba.
An ɗauke wuta, janareto yana tari,
mata goma sha tara a kan benci.
Na ɗaga shi saitin taga,
na ga tsaga a fuskarsa, siririya kamar gashin gira.
Fusaina ce a kan gado,
ta ajiye kwanon dakonta na Kejetiya,
ta sayar da yini guda don ta ji ɗanta.
Wallahi na so in yi shiru.

Anti ta bi tsagar da farce.
"Ta nan ruwa yake shiga,
ta nan wuta take fita,
a nan cutar waccan take kwana tana jiran wannan."
Ta ɗaura masa jan ƙyalle, ta kulle durowa.
Mun sha zagi da Hausa, mun sha da Tonanci,
wata tsohuwa ta ƙara mana da Dagwambanci.
Anti ta mayar wa kowa sidinsa,
ta biya wa Fusaina kuɗin torotoro.

Kwana goma sha shida sabo ya iso daga Ankara.
Fusaina ta dawo, cikin ya ƙara tudu.
Na ɗumama man a hannuna,
na ɗora kunnen a hankali,
ɗakin ya yi tsit,
sai ga shi, dum, dum, dum,
kamar ana dakan fufu a gida na uku.

Ta yi dariya har hoton ya girgiza.
Na jira ta gama.
Na goge shi, na rataye shi a mazauninsa,
na ce mai bi mata ta ɗan dakata.