Zanzaro a Maƙogwaron Doj

Doj ɗin babana ta girmi kwaltar unguwarmu.
Ta yi dakon gyaɗa tun kafin a haifi uwata,
yau zogalen Jiratawa take ɗauka, da ni, da bashina.

Da sanyin asuba bugu ɗaya take tashi.
Rana na ɗagawa sai tari,
sai hayaƙi baƙi ƙirin kamar ɗakin mai tuyar ƙuli,
mai kuwa tana kwankwaɗarsa
kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma.

Yaran garejin Zariya sun canza buji sau uku.
Ɗaya ya laluba ƙarƙashin sitiyari:
"Ina sitata? Ina abin ja?"
Babu abin ja.
Jika tara ta bi iska.

Aka ce in je Bagalam in nemi Nomau,
wanda yana ta ci masa ido, ta bar masa yatsu.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya shinshina salansa, ya tofar,
ya cire tukunyar iska,
ya zura yatsa a maƙogwaron karbirato.
"Inji da zafi, ƙofa a rufe.
Ƴan Jibiya cok suke ce mata.
Irin wannan ba a jan ta, yaro, da kanta take farkawa."

Ya kama hannuna ya ɗora
a kan wani baƙin murfi, kamar na gwangwanin man takalmi.
Ya karce shaida da ƙusa kafin ya taɓa shi.
Noti uku. Ya ba ni in riƙe a baki.
A ciki ga ƙarfe a naɗe,
ƙadandoniyar da aka tsokana.

Ya ƙyasta ashana a gindinta.
Ta motsa. Ta miƙe kaɗan.
"Lafiyarta lau. Ɗumi ne ba ya iso ta."

Ya bi wani siririn bututu da yatsa
har inda ya nitse a jikin inji.
Ya hura. Kumatunsa suka cika, ba abin da ya wuce.
Wayar keke ya soka.
Jar ƙasa ta zubo a tafinsa,
da busassun tsutsotsi, da fiffike ɗaya.
Zanzaro ya yi gini.

"Wata nawa ta yi a ajiye?"
Na ce bakwai. Tun rasuwar.
Ya daɗe yana murza ƙasar nan a yatsunsa.
"Ɗan Baraka ba ya barin ta ta kwana biyu," in ji shi,
ni kuwa ban faɗa masa sunan babana ba.

Ya mai da murfi daidai kan shaida.
Na buga. Muka tsaya.
Ni ina kallo, shi yana saurare,
ƙofar nan tana buɗewa sannu, sannu,
har ta tsaya a miƙe.
Hayaƙi ya washe.

Kuɗi ya ƙi.
Damin zogale ɗaya ya ɗauka,
ya ce in bi ta bakin Gulbi,
in bar ta ta yi zafi sosai.