Sawun Karen Ruwa

Tun asuba muka kama hanyar Tsitsikamma,
Jikata Lungiswa na tsalle, ni ina dogarawa.

Dama kurmi, hagu teku na marin duwatsu,
Gishiri a leɓe, gwiwa na ƙorafin hawa.

Rema uku na shan hantsi a kan fa,
Ko kallo ba mu ishe su ba, balle gaisuwa.

Gwaggon biri ya wafce mana burodi,
Ya ci a gabanmu, babu ko godewa.

Karen ruwa nake nema, shekara tara ke nan,
Rabona sawu a yashi da ɓawon ƙaguwa.

Na kafa madubin hange a bakin kogi,
Na ce, "Shiru, yarinya, abin sai da daurewa."

Ta durƙusa ɗaurin igiyar takalmi,
Sai ta ja rigata: "Tamkhulu, ga shi yana wucewa!"

Kafin in waiga ruwa ya rufe bakinsa,
Zobe ɗaya na tarar yana faɗaɗawa.

"Yaya yake?"
"Gashin bakinsa irin naka ne."
Muka gangara, tana gaba,
Ina bin sawunta, ina murmusawa.