Auduga a Maƙogwaron Kaza

Mun iso Aboabo tun masu koko ba su kwashe tukwane ba,
ni da Opoku da akwatin ƙanƙara.
Farar riga har wuya, takunkumi a hanci,
safar hannu ninki biyu, takalmin roba.
Yara suka biyo mu, wai ga 'yan sama-jannati.

Mma Lantana na bakin akurki, hannu a ƙugu.
Opoku ya gaishe ta, ta kalli bango.
Da na ce, "Mma, ina kwana,"
sai ta leƙo idona ta bayan gilashi:
"Fuseina? Ke suka aiko?"

Ni ce.
Ni da ƙwan gidan nan ya biya wa kuɗin jarrabawa,
kiret biyu a kaina duk Asabar, har Kejetia.

Ba ta ce an yi mutuwa ba.
Ƙasar gindin ayaba ce ta faɗa,
ja, sabuwar tona, tudu bakwai.

Na kama ta farko, na haɗe fikafikanta.
Zuciyarta na buga yatsuna kamar mai neman a buɗe ƙofa.
Zanko ya yi shuɗi, ido ya kumbura.
Na buɗe baki, na zura tsinke mai kan auduga,
juyi uku a maƙogwaro,
wani tsinken ta ƙarƙashin wutsiya,
ɗigon jini daga jijiyar fiffike.
Na karya tsinken a kwalba, na murɗa murfi.

"Waccan Uwar-tsiwa ce," in ji Mma,
"ba ta fashin ƙwai ko ranar Salla."
Na rubuta: sha huɗu.

Kwalba talatin suka kwanta a ƙanƙara.
Yau za su kwana a hanyar Ankara.
Kwana uku, a bugo waya.
In murar tsuntsaye ce,
wasu za su zo, da buhuna da shebur,
ba za su tambayi sunan kowa ba.

"Me kwalbar za ta ce?"
"Sai an duba, Mma."
Na gode wa takunkumin da ya rufe min baki.

Muna tsoma ƙafa a ruwan magani
ta fito da kwano, ƙwai shida, da ɗuminsu.
"Ki kai wa babanki."

Doka ta ce ko gashin kaza kada ya fita gidan nan.
Na tsaya, hannuwana a sama, suna ɗiga.
Ita ma ta tsaya.
Opoku ya tayar da mota.